Ƙarfe ba ya jin tsoron maigida

Daga cikin halayen ɗan Adam akwai guda biyu da suka yi kama da juna kamar Hasan da Husaini, har sau da yawa mai halin ma ba ya iya rarrabe su: tsayuwa a kan gaskiya da taurin kai. Dukansu ba sa lanƙwasuwa, dukansu kuma suna sa mutum ya miƙe shi kaɗai a gaban jama'a ya ce a'a. Idan ƙarshen al'amari ya yi kyau sai mu ce wane namiji ne, ba ya magana biyu. Idan ya ɓaci sai mu ce ai dama ba ya jin shawara. Irin wannan hukunci ihu ne bayan hari, domin wanda ke tsakiyar aiki bai san yadda ƙarshe zai kasance ba. Tambayar da ta daɗe tana damuna ita ce ko akwai wata alama da za a iya gane bambancin da ita tun kafin ƙarshen ya zo. Na nemi amsarta cikin rayuwar wani mutumin Sikotilan mai suna Dugald Drummond, wanda ya ƙare kwanakinsa yana ƙera kawunan jirgin ƙasa masu aiki da tururi.

An haifi Drummond a Ardrossan, wani gari na bakin teku a yammacin Sikotilan, ranar 1 ga Janairu 1840. Mahaifinsa sufeton layin dogo ne, wato mai bin hanya yana duba lafiyar ƙarafa. Da hannu ya koyi sana'a a Gilasgo, ya yi aiki wurin ƙera tukwanen tururi a Birkenhead, sannan a 1864 ya shiga ma'aikatar Cowlairs. A garin Inverness ya zama na hannun daman wani gwanin injiniya Ba'ingile, William Stroudley, kuma da Stroudley ya koma Brighton, can kudancin Ingila, a 1870, sai ya bi shi. A 1875, yana ɗan shekara 35, kamfanin North British ya naɗa shi shugaban sashen injuna. Ya kamata mai karatu ya san nauyin wannan muƙami a wancan zamani. Mai riƙe da shi shi ke zana injin, shi ke sa ido a ƙera shi, shi ke da loko inda ake gyara, kuma direbobi da masu zuba kwal a murhu duk a ƙarƙashinsa suke, shi ke ɗauka shi ke kora. Sarki ne a wata ƴar masarauta ta ƙarfe da hayaƙi. Injunan farko da ya fitar a North British sun yi kama da na Stroudley ƙwarai, har wanda ya san na maigidan zai gane hannunsa a na yaron. Na faɗi wannan ne don a san cewa ba da toshen kunne aka haife shi ba. Akwai lokacin da ya iya saurare, ya kuma iya kwaikwayo ba tare da jin kunya ba.

Shekara huɗu da hawansa aka yi abin da ya girgiza Birtaniya. Kamfaninsa yana da gada a kan mashigin kogin Tay, kusa da birnin Dundee, mai tsawon fiye da kilomita 3, wadda aka buɗe a watan Yuni 1878. Thomas Bouch ne ya zana ta, kuma Sarauniya Biktoriya ta haye ta a 1879, ta ba shi sarautar Sir. A daren Lahadi 28 ga Disamba 1879, ana cikin wata irin guguwa, jirgin da ya taso daga Burntisland ya hau gadar, sai tsakiyarta, inda jirgi ke bi ta cikin wasu dogayen kejina 13 na ƙarfe, ta rufta cikin ruwa da shi. Babu wanda ya tsira. An san sunayen mutum 59, amma an yi ƙiyasin waɗanda suka mutu sun kai 75.

Gwamnati ta kafa kwamitin bincike na mutum uku. A gabansa Bouch ya kare kansa da cewa iska ce ta fara ture taragun baya daga kan dogo, suka bugi ƙarafan gada, suka karya ta. In haka ne, gadar ba ta da laifi, ƙaddara ce da iska. Aka kira Drummond ya ba da shaida a kan abin da aka tsamo daga ruwa. Bai yi dogon hasashe ba, ƙarfe ya karanta. Ya nuna tabon da ƙafafun jirgin suka bari a jikin dogo, da yadda sandunan da ke haɗa ƙafafun suka lanƙwashe ta fuska ɗaya, ya ce wannan alama ce ta jirgin da ya faɗi yana bisa hanyarsa, tare da kejin da yake ciki. Kan jirgin ma, mai lamba 224, an same shi da ƙofar tururi a buɗe, ba a kuma ja burki ba: direban bai ga komai ba har ya tafi. Wannan shaida tana cikin abubuwan da suka rushe hujjar Bouch. Rahoton shugaban kwamitin, Henry Rothery, ya fito a 1880, ya sami aibu a zanen gadar da gininta da kula da ita, ya kuma ɗora mafi yawan laifin a wuyan Bouch, wanda ya rasu a watan Oktoba na shekarar. Shi kuwa injin 224 an tsamo shi, an gyara shi a Cowlairs, ya ci gaba da aiki har 1919.

Ga mutum ɗan shekara 40, ɗan sufeton hanya, ya tsaya gaban alƙalai ya ƙaryata wanda Sarauniya ta girmama. Wa zai ƙi yaba masa? Sai dai akwai abin da ya kamata a lura da shi kafin a yi gaggawar tafi. Da ta tabbata jirgin ne ya fara sauka daga dogo, tambayoyi za su juyo kan taragu da ƙafafunsu da direbobi, kuma duk waɗannan sashen Drummond ne. An ma yi ƙorafi a gaban kwamitin cewa wasu jirage suna wuce kilomita 40 a awa ɗaya da aka ƙayyade a kan gadar. Saboda haka gaskiyar da ya faɗa, ko da yake gaskiya ce, ta zo daidai da abin da zai so. Ban ce ya yi ƙarya ba, ban kuma ce ya yi son kai ba. Tabon ƙarfen yana nan, kowa na iya dubawa. Abin da nake cewa shi ne wannan rana ba ta gwada shi ba. Hausawa na cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani. Kaifin ido a kan aikin wani baiwa ce da kusan kowa ke da rabonsa a ciki. Ba a sanin mai gaskiya sai ranar da shaidar ta juyo ta fuskanci gidansa.

Akwai kuma wani ƙaramin labari a cikin binciken da na fi ganin muhimmancinsa a kan shaidar Drummond kanta. Mutumin da aka ɗora wa duba gadar bayan an buɗe ta, Henry Noble, magini ne da ya san bulo da dutse, bai san ƙarfe sosai ba. Ya ji wasu mahaɗan ƙarafan da ke ɗaure ginshiƙai suna kaɗawa in jirgi ya wuce, alamar sun saki. Sai ya sayo guntayen ƙarfe ya dinga cusawa a ramukan don su daina ƙara, bai kai wa Bouch wannan magana ba. Masu shafa fenti ma sun ji gadar tana rawa ƙarƙashin ƙafafunsu. A maƙerar da aka zuba ginshiƙan kuwa, an riƙa cike ramukan da ke jikin ƙarfe da wani haɗi na kakin zuma da garin ƙarfe don kada a gani. Wato tun kafin guguwa ta taso, labarin raunin gadar yana hannun ƙananan ma'aikata, bai dai hau sama ba. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu sake gamuwa da shi.

Shekarun da suka biyo baya na ɗaukaka ne. A 1882 Drummond ya koma kamfanin Caledonian, babban abokin hamayyar North British, ya sake gina ma'aikatar St Rollox a Gilasgo, ya fitar da injunan dakon kaya da suka yi ƙarko har wasunsu suka kai shekarun 1960 suna aiki. A 1890 ya ajiye wannan babban muƙami ya tafi Sidni, a Ostareliya, don kafa masana'antar ƙera injuna. Shirin ya rushe. Ya dawo Gilasgo ya buɗe kamfaninsa, sannan a 1895, yana da shekara 55, ya karɓi shugabancin injunan kamfanin London and South Western, wanda jiragensa ke tashi daga tashar Waterloo ta Landan zuwa kudu maso yamma, da albashin da bai kai wanda ya baro ba. Zatona, kuma zato ne kawai, mutumin da ya taɓa faɗuwa da furfura a kansa yakan ƙara riƙe abin da ya sani da hannu biyu.

A can ya yi ayyukan da suka fi sa a tuna da shi. Injunan da ake kira M7, waɗanda suka fara fitowa a 1897 don jiragen kewayen Landan, an ƙera 105, na ƙarshensu bai bar aiki ba sai 1964. Na T9, guda 66 daga 1899, saboda gudunsu ma'aikata suka laƙaba musu sunan karen farauta. Masu sauƙin gini ne, silinda biyu, ƙananan ƙafafu huɗu a gaba masu kama kwana, manya huɗu masu ja. Wannan siffa Drummond ya san ta kamar yunwar cikinsa, domin tun 1876 yake juya ta yana gyarawa.

To amma zamani ya sake. A farkon ƙarni na 20 taragu sun ƙara nauyi, an shigo da masu baranda da na cin abinci, hanyar Salisbury zuwa Exeter kuwa hawa da ganganra ce. Ana bukatar injin mai manyan ƙafafu shida. A 1905 Drummond ya fitar da guda 5, waɗanda ake kira F13, ƙattai masu silinda huɗu, abin kallo. Ba su yi ba. Don a gane dalili sai an ɗan leƙa cikin injin. Ƙarfin injin tururi daga wuta yake, wuta kuwa sai da iska. A injin mai ƙafa huɗu, murhu yakan zauna da zurfi tsakanin sandunan ƙafafun. Da aka ƙara ƙafa biyu, dole murhun ya hau bisa sandar baya, sai ya zama dogo, shimfiɗaɗɗe, marar zurfi, toka tana taruwa a ƙarƙashi tana toshe iska. Mai zuba kwal, yana tsaye kan dandamalin da ke girgiza, dole ya wurga kowane shebur har can ƙuryar murhun, in ya kuskure wuta ta yi rami, tururi ya faɗi. Bugu da ƙari Drummond yana da wasu dabaru nasa na kansa da yake matuƙar so, musamman bututun ruwa da ya gitta ta cikin murhu, waɗanda suka ƙara wahalar gyara fiye da amfanin da suka kawo. Injunan da aka gina don jiragen gaggawa ba a daɗe ba aka mayar da su jan kwal.

Kuskure ɗaya ba abin zargi ba ne, wanda bai taɓa ɓata ƙarfe ba bai taɓa ƙira ba. Abin dubawa shi ne abin da ya biyo. A 1907 ya ƙera wani guda ɗaya, mai lamba 335, a kan tsari kusan iri ɗaya, bai fi na farko ba. A 1908 ya ƙara 5, a 1910 da 1911 wasu 5, daga 1911 zuwa 1912 kuma wasu 10. Jimla 26 cikin shekara bakwai. Kowane rukuni ya zo da gyare-gyare, na ƙarshen ya fi sauran dama, amma asalin tunanin bai motsa ba: silinda huɗu, murhu mai wuyar sha'ani, cin kwal da yawa, mazaunin sandunan ƙafafu mai saurin yin zafi. Ba kuma karo na farko ba ke nan. A 1897 ya gwada wani injin mai lamba 720, wanda manyan ƙafafunsa na gaba da na baya ba a haɗa su da sanda ba, kowanne da silindarsa. Santsi ya dame shi, duk da haka a 1901 aka ƙara biyar irinsa.

Ina idon da ya karanta tabon dogo a Dundee? Yana nan, bai makance ba. Abin da ya sauya shi ne irin shaidar. A Tay, ƙarfe ne ya yi magana, ƙarfe kuwa ba ya jin tsoron maigida, ba shi da iyali, ba a rage masa albashi. Aibin injin da ke tafiya a kan hanya ba ya barin tabo irin wannan. Yana cikin kafaɗar mai zuba kwal da ya sauka a Exeter jiƙe sharkaf da gumi, yana cikin kunnen direban da ya ji numfashin injin ya shaƙe a kan hawa, yana cikin hannun makanikin loko da ke kwance kayan da bai kamata a ce sun lalace da wuri haka ba. Wannan shaida ba ta isa ofis sai ta bakin mutum. Kuma duk waɗanda suka rubuta tarihin Drummond sun haɗu a kan abu ɗaya: mutum ne mai zafin rai da kaifin harshe, wanda ma'aikata ke shakka ƙwarai. A 1899 ya ƙera wa kansa wani ɗan injin da aka haɗa da ɗakin zama a bayansa, yana yawo da shi a kan layin kamfani yana faɗo wa loko-loko ba sanarwa. Ya kuma yi wa direbobi da masu zuba kwal laccoci a kan yadda ake sarrafa injin, har aka buga su littafi. Wanda ya koya maka zuba kwal, yana kuma iya korarka gobe, da wane baki za ka ce masa murhunsa ne bai yi ba? In tururi ya faɗi, amsa tana nan a shirye: hannunka ne. Ga Henry Noble ya dawo da guntayen ƙarfensa, sai dai wannan karo a gidan wanda ya zauna a zauren da aka tona asirin Noble.

A nan nake ganin alamar da na fara nema. Mai tsayuwa a kan gaskiya da mai taurin kai duka suna ƙin sauya magana, amma dangantakarsu da masu kawo labari ta bambanta. Na farko yana bukatar shaidu, domin abin da ya riƙe yana wajen kansa, kuma yana tsoron kada ya kuɓuce masa. Shi ya sa yake barin ƙofa a buɗe ko da abin da zai shigo mai ɗaci ne. Na biyu, abin da ya riƙe shi ne kansa, saboda haka kowane mai kawo labari abokin gaba ne. Ba sai an jira ƙarshen aiki ba, a dubi na ƙasa da shi kawai: suna iya faɗa masa abin da ba ya so, su kwana da aikinsu? Malamanmu sukan fassara girman kai da abu biyu, ƙin gaskiya da raina mutane. Na daɗe ina ɗaukarsu laifi biyu da aka jera, rayuwar wannan bature ce ta nuna mini cewa igiya ɗaya ce. Gaskiya mafi yawa a bakin mutane take zuwa, kuma sau da yawa a bakin ƙanana. Wanda ya raina su ya riga ya ƙi ta tun ba ta iso ba, ko da a zuciyarsa yana rantsuwa shi masoyinta ne.

Maƙwabcinsa ya isa misali. A kamfanin Great Western, wanda ke gasa da na Drummond a kan fasinjojin yamma, George Jackson Churchward ya fuskanci matsala iri ɗaya a shekaru iri ɗaya. Ya duba yadda Amurkawa ke gina tukwanensu, ya kuma sa kamfaninsa ya sayo injuna uku daga Faransa, ɗaya a 1903, biyu a 1905, don a gwada su kafaɗa da kafaɗa da nasa. Ba'ingile na wancan zamani ya sayo aikin Bafaranshe don ya auna kansa, wannan ba ƙaramin haɗiye girma ba ne. Injunansa masu ƙafa shida suka zama abin koyi a ƙasar baki ɗaya. Ba na jin ya fi Drummond ƙwaƙwalwa nesa. Ya dai nemo wa kansa shaidun da ba za su ji tsoronsa ba.

Akwai mai cewa na tsananta, kuma maganarsa tana da nauyi. Aikin jirgin ƙasa ba wasa ba ne. Direba ɗaya mai maye ko mai gyangyaɗi yana iya hallaka ɗari. Mutumin da ya ga gawar jirgi an ciro ta daga ƙasan kogi saboda sakaci, in ya zama mai tsanani a kan giya da lalaci, wa zai ga baƙinsa? Na yarda. Sai dai tsanani iri biyu ne. Akwai wanda ke hukunta ɓoye aibu, akwai wanda ke hukunta faɗinsa. Na farko yana fito da labari fili, na biyu yana koya wa mutane cusa guntun ƙarfe a rami. Wahalar ita ce ga wanda ke ƙasa, tsawa tsawa ce. Idan maigida bai rarrabe masa su a fili ba, zai ɗauki hanyar da ta fi masa lafiya, ya yi shiru. Mu masu koyarwa mun san wannan, ko da ba ma son faɗa. Malamin da ya iya gano kuskure ɗaya a cikin takardun yara hamsin yana iya shekara goma yana bin hanyar koyarwar da ba ta shiga, ajinsa tsit, yana ɗaukar shirun nan ladabi ne.

Adalci kuma ya sa a faɗi wani abu. A 1912, shekararsa ta ƙarshe, Drummond ya koma ga siffar da ya sani, ya fitar da injuna 10 masu manyan ƙafafu huɗu da silinda biyu, D15, don jiragen Bournemouth. Sun yi kyau, wasu na lissafa su cikin mafi ingancin abin da ya ƙera. Wannan aiki ya yi kama da amsa laifi. Ko gyara a aikace, ba tare da furta "na yi kuskure" ba, ya wadatar? A al'adarmu mukan ce ya wadatar, babba ba ya ba da haƙuri da baki, ya isa a ga ya sauya. Ina da ja a kan haka. Gyaran shiru yana gyara injin, amma ba ya wanke mai zuba kwal ɗin da aka ɗora wa laifin da ba nasa ba, ba ya kuma gaya wa na baya cewa a gidan nan ana iya magana. Duk da haka ba zan hana wa dattijo ɗan shekara 72 ladan juyowa ba, da yawa ba sa yin ko wannan.

Mutuwarsa ta zo da irin halinsa. Kamar yadda marubucin tarihin jiragen ƙasa C. Hamilton Ellis ya ruwaito, sanyi da ruwa ne suka kama shi har ƙafafunsa suka sandare, ya sa a kawo masa ruwan zafi mai magani ya tsoma su, ruwan ya ƙona shi. Bai kula da ƙunar ba har ƙafa ta ruɓe, likitoci suka ce sai an yanke. Ya ƙi yarda a shaƙa masa maganin barci. Aka yi aikin yana ji yana gani, jikinsa bai ɗauka ba, ya rasu a gidansa da ke Surbiton ranar 8 ga Nuwamba 1912. Maganin da ya ƙi, wani ɗan ƙasarsu ne, James Young Simpson, ya fara aiki da irinsa a Edinbara tun 1847, shekara 65 kafin nan.

Na san yadda wannan labari ke faɗawa a kunnen Bahaushe, domin na san yadda ya faɗa a nawa. Mu mutane ne masu girmama dauriya. Yaron da bai yi kuka a hannun wanzami ba, har ya tsufa ana tuna masa. Da farko na ji wani irin kwarjini. Amma da na sake dubawa sai na ga labarin F13 ne aka maimaita a jikin mutum. Ƙuna ta yi magana, bai saurara ba. Likita, wanda a wannan ɗaki shi ne gwani, ya yi magana, bai saurara ba. Dauriya tana da daraja idan akwai abin da ake karewa da ita, rai ko amana ko mutuncin wani. A nan me aka kare? Ban ga komai ba sai surar da mutum ya zana wa kansa, ta wanda ba ya miƙa wuya ga kowa, ko na awa ɗaya. Abu guda dai ya tabbata: bai ɗora wa kowa abin da bai ɗora wa kansa ba. Mutane sukan ɗauki wannan a matsayin uzuri, su ce ai shi ma bai tausaya wa kansa ba. Ni ban ga yadda ciwon da mutum ya zaɓa wa kansa zai biya bashin wanda ya ɗora wa wasu ba tare da sun zaɓa ba.

An binne shi a maƙabartar Brookwood, dab da babban layin kamfanin da ya yi wa aiki shekara 17. Wanda ya gaje shi, Robert Urie, shi ma mutumin Sikotilan ne, kuma tun 1897 yake manajan ma'aikata a ƙarƙashinsa, wato shekara 15 yana ƙera abin da maigida ya zana. A farkon 1914 Urie ya fitar da nasa injin mai ƙafa shida: silinda biyu kawai, duka a waje, kayan motsi a fili inda hannun makanike zai kai, mazaunin sandunan ƙafafu manya, babu bututun ruwa a murhu. Kusan kowane abu kishiyar na Drummond ne. Mutum ba ya samun irin wannan cikakken ra'ayi cikin wata goma sha huɗu, kuma wannan shi ya sa nake tambayar kaina tun yaushe yake ɗauke da shi a ciki. A shekarar ce kuma ya kwance 335 ya sake gina shi a kan sabon tsarin. F13 ɗin nan biyar sun bi sahu a tsakiyar shekarun 1920, a hannun Richard Maunsell.

Karnukan farautar ma ba su tsira daga hannun Urie ba. An cire musu bututun murhu, kuma daga 1922 aka fara sa musu na'urar ƙara wa tururi zafi kafin ya shiga silinda, suka ƙara lafiya da ƙarko, har suka kai farkon shekarun 1960. Ɗaya daga cikinsu, mai lamba 120, an adana shi cikin kayan tarihin jiragen ƙasa na Birtaniya. Masu zuwa kallonsa da sunan Drummond suke kiransa, irin na'urar da Urie ya fara sa musu kuwa tana can cikin tukunya inda ido ba ya kaiwa.